Majiya ƙarfi sun yi gaba, an bar raunana a baya: abin da tafiyar kayak a teku ke koya wa shugaba

"Malam, barkanku da warhaka. Ni ke riƙe da wata ƙungiyar matasa a nan Damagaram, mu kusan ashirin, muna fita ƙauyuka da rani muna haƙar rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama, a fako. Damuwata ita ce kullum majiya ƙarfi su gama nasu su koma inuwa, sauran su yi ta fama har rana ta take, da yamma kuma a yi ta cacar baki a kan wa ya yi, wa bai yi ba, kuma duk laifin a kaina yake ƙarewa. Na ji an ce kun taɓa jagorantar mutane a tafiyar kayak cikin teku lokacin da kuke Faransa. Don Allah akwai abin da irin wannan tafiya ta koya muku da zai amfane ni, ko kuwa abin ruwa daban, na tudu daban?"

Ƙanena, barka kadai, Allah ya yi maka jagora. In na fahimce ka, tambayarka biyu ce a ƙunshe wuri ɗaya: me ke sa jama'ar da suka fita tare su rabu biyu, masu sauri da masu nauyin jiki, kuma ina ya kamata shugaba ya tsaya in hakan ta faru. Akwai abin da teku ke koyarwa a kan wannan, kuma tana koyar da shi ba da wasa ba, domin a can rabuwar ayari rai take ci.

Bari in fara da bayanin abin kansa, tunda yawancinmu a nan ba mu san ruwan da ya wuce tafkin Gidimuni ba. Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne na mutum ɗaya, wani lokaci biyu. Asalinsa na mutanen Inuit ne da maƙwabtansu a can ƙuryar arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙirar itace ko ƙashi su fita farauta. Na teku a yau tsawonsa kamar mita 5 ne, faɗinsa bai cika wuce santimita 60 ba. Mutum na zaune ne a cikinsa ƙafafu a miƙe, ya ɗaura wani zane daga ƙugunsa zuwa bakin mazaunin don kada ruwa ya shiga, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Abinci da ruwan sha da tanti duk suna cikin ma'ajiyoyi masu murfi, gaba da baya. Ni na koya ne a yankin Bretagne, yammacin Faransa, sa'ad da nake karatu, daga baya na riƙa taya manyan jagorori fita da ayari na kwanaki, ana kwana a tsibirai.

Abin da ya haɗa wannan tafiya da aikinka shi ne kowa da nasa jirgin. Ba mai tuƙa wa wani, kamar yadda a wurinka kowa da digarsa da shebur ɗinsa. Amma in jirginka ya kife a tsakiyar ruwa, da wuya ka koma ciki kai kaɗai in ba ƙwararre ne kai ba, sai wani ya zo ya riƙe maka.

Yadda ayari ke rabuwa

Ba faɗa ne ke raba ayari a teku ba, tazara ce, kuma a hankali take shigowa. Ayari mai ɗauke da kaya yakan yi kilomita 5 zuwa 6 a awa in ruwa ya kwanta. Ɗauka mai ƙarfi na yin 6, mai rauni na yin 4. Cikin rabin awa kilomita guda ta shiga tsakaninsu, alhali babu wanda ya yi niyyar barin wani. Kan mai tuƙi bai kai mita ɗaya sama da ruwa ba, don haka da igiyar ruwa ta ɗan tashi sai ka ga mutum yanzu, an jima ka neme shi ka rasa. Murya kuwa iska ke tafiya da ita, shi ya sa kowa ke rataye da usur a rigar cetonsa. To in aka ƙara da jan ruwa, abin ya fi haka muni. Idan ruwa na turo ku baya da gudun kilomita 4 a awa, mai ƙarfi na ci gaba da 2, mai rauni kuwa yana tuƙi iya ƙarfinsa amma yana nan inda yake, yana kallon dutse ɗaya a gefensa ba ya gushewa. Na ga yadda wannan ke karya zuciyar mutum fiye da gajiyar hannu.

Akwai kuma wani zalunci da ake yi ba a sani ba, kuma ina da yaƙinin yana faruwa a wurin aikinka. Na gaba su tsaya su jira, su sha ruwa, su ci ɗan dabino, su huta sosai. Da na ƙarshe ya iso yana haki, sai su ce to, an cika, mu je. Wanda ya fi kowa bukatar hutu shi ne bai samu ko minti ɗaya ba. A yi haka sau uku, mutumin ya gama lalacewa, kuma ya fara jin haushin ƴan'uwansa. Ƙa'idar da muke bi ita ce ba a fara lissafin hutu sai na ƙarshe ya iso, kuma shi ake tambaya ko ya shirya kafin a tashi. Abu ne ƙarami, amma ban san wata doka ɗaya da ta fi ta kashe gunaguni a cikin ayari ba.

Inda shugaba ke tsayawa

Sabon shugaba gaba yake so, kuma ba laifinsa ba ne, galibi don ya fi kowa iyawa aka ba shi shugabancin. Matsalar ita ce wanda ke gaba bayansa ne ke kallon jama'a. Masu koyar da jagorancin kayak a Ingila sukan taƙaita aikin jagora cikin abubuwa huɗu: a riƙa jin juna, a riƙa ganin juna, a kauce wa haɗari tun bai zo ba, sannan jagora ya kasance a wurin da ya fi amfani. Na huɗun nan shi ne amsar tambayarka. Wurin da ya fi amfani ba ɗaya ba ne kullum. In za a kewaya hancin dutse inda ruwa ke fashewa, jagora kan tsaya tsakanin dutsen da mutanensa har kowa ya wuce. In iska na kaɗawa daga tudu zuwa cikin teku, yakan koma ɓangaren teku, domin duk wanda iska ta kwasa wajensa za ta kai shi. In hanya shimfiɗe take ba wata fargaba, yakan koma baya ko gefe, inda idonsa ke kan kowa. Kakanninmu fatake sun san wannan tun kafin a rubuta shi: jagaba ne ke gaba yana duba hanya, madugu uban tafiya kuwa a baya yake, inda jakin da ya gurgunce da yaron da ya gaji suke.

Saboda haka abu na farko da zan tambaye ka shi ne, da rana ta take, kai kana ina? In kana cikin waɗanda suka gama suka koma inuwa, to na baya sun riga sun yanke hukunci cewa kai na waɗancan ne. In kuma kana can kai a sunkuye kana haƙa naka don ka nuna misali, ba ka ganin komai. Gara ka rage naka rabon, ka sanar da kowa dalili, ka riƙa zagayawa, kuma ka fi daɗewa a inda fako ya fi tauri.

Sai majiya ƙarfin. Kuskure ne a ɗauke su a matsayin matsala, ko a yi ta yi musu tsawa su rage sauri. Mutum mai ƙarfi da aka ce ya yi ta jan jiki ba dalili, ransa ɓaci yake yi, kuma gobe sai ya fi haka gudu. Dabarar da na gani a wurin wata dattijuwar jagora, mace marar yawan magana, ita ce ta fi burge ni. Akwai wani saurayi a ayarin, ƙaƙƙarfa, kullum shi ne can gaba kamar ɗigo. Da safe a bakin gaɓa, gaban kowa, ta kwance igiyar jan jirgi daga ƙugunta ta ɗaura masa, ta ce yau shi ne mai rufe baya, kada ya yarda kowa ya kasance a bayansa, kuma in wani ya kasa shi zai ja shi. Da la'asar iska ta taso, wata mata ta fara jiri da amai, hannunta ya mutu. Ya maƙala igiyar a hancin jirginta, wani ya jingina nasa jirgin da nata yana riƙe da ita kada ta kife, shi kuma ya ja su su biyu har tudu. Ranar nan ya yi amfani da ƙarfinsa duka, ya kuma samu yabon da yake nema. Daga ranar bai sake tserewa gaba ba, domin ya gane inda ake bukatarsa. Kai ma ka nemo biyu ko uku da suka fi kowa kuzari, ka ba su aiki mai suna: wane, kai ne mai fasa wuri mai tauri, in an ci karo da tsakuwa kai za a kira. Ka faɗa a gaban jama'a, don ya zama girma ne aka ba shi, ba horo ba.

Shawarar da ake yankewa a tudu

Rabin jagorancin tafiyar teku a kan yashi ake yin sa, kafin jirgi ya taɓa ruwa. Dalili kuwa teku na cikowa tana janyewa kusan sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa awa 6 da ƴan mintoci. Kuma ba daidai take tafiya ba. Matuƙa na raba ruwan kashi 12: awa ta farko kashi 1 ke motsawa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato rabin ruwan gaba ɗaya cikin awanni biyu na tsakiya yake gudu. A mashigin Morbihan da ke Bretagne akwai wurin da jan ruwa ke wuce kilomita 15 a awa in teku ta yi babbar cika, babu ɗan Adam da zai tuƙa kayak ya ci gabansa. Sai dai ka iso a lokacin da ruwan ya lafa. Ka ga ke nan mutum ɗaya da ya yi nawa wajen naɗe tantinsa na iya jawo wa ayari duka asarar wuni. Shi ya sa tun da dare ake faɗa wa kowa ƙarfe nawa za a tashi da kuma dalili. Mutane sun fi kiyaye lokaci in sun san abin da ke bayansa. Ku ma kuna da irin wannan agogo: a watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram na wuce digiri 40, aikin da ba a ci ƙarfinsa da sanyin safiya ba, da rana sai dai a yi ta wahala.

A tudun ne kuma ake yanke sharaɗin komawa. Akwai ma'aunin iska da wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. A mataki na 4, iskar kilomita 20 zuwa 28 a awa, kan igiyar ruwa ke yawan yin fari da kumfa, kuma ga sababbin matuƙa nan ne iyaka. Sai mu ce tun a gaɓa: in mun kai wancan dutse muka ga farin kumfa a mashigi, mun juya, ba muhawara. Amfanin faɗa tun da wuri shi ne, a tsakiyar ruwa kowa na ganin tsibirin ga shi nan kusa, an riga an sha wahala, ba mai son a ce shi ne matsoraci. Shawarar da aka yanke da kwanciyar hankali ta fi wadda za a yanke a wannan hali. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada ka ɗauka tsoro ne kawai na masu koyarwa. Ranar 22 ga Maris 1993, a gaɓar Lyme da ke kudancin Ingila, ɗalibai takwas da malaminsu da masu koyarwa biyu suka fita wata ƴar gajeriyar tafiya ta kusan kilomita 3 a gefen gaɓa. Jirgin malamin ya kife tun ba a yi nisa ba. Mai koyarwa ɗaya ya tsaya taimakonsa, ɗayan ya haɗa jiragen yaran wuri ɗaya, iska ta yi ta tura su cikin teku, ayarin ya rabu biyu. Ba su da zanen da ke hana ruwa shiga, ba su da wutar neman agaji, jiragen suka cika da ruwa, kuma an daɗe kafin a sanar da masu ceto. Yara huɗu suka rasu. Abin da ya fi ciwo, watanni kafin haka wasu ma'aikatan cibiyar da ta shirya tafiyar sun rubuta wa shugabanninsu gargaɗi a kan sakacin da ake yi, ba a saurare su ba. A 1994 kotu ta kama kamfanin da ke da cibiyar da shugabansa da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka ɗaure shi, a 1995 kuma aka kafa dokar da ta tilasta wa irin waɗannan wurare neman lasisi. Duba ka gani, kusan duk abin da ya kashe yaran nan a tudu aka yi shi ko aka ƙi yin sa.

A wurinka, abin da za a yanke a tudu shi ne yadda za a ƙirga aiki. Cacar bakin yamma da kake kuka da ita, asalinta safiyar da ba a yi magana ba ce.

Wanda ya yi shiru

Wannan ya fi wuya a wurinmu saboda kunya. Ka tambayi Bahaushe ya jiki, ya ce maka lafiya lau ko da kuwa yana gab da faɗuwa. A teku mun koyi cewa mai ƙorafi ba shi ne abin tsoro ba, wanda da safe yake ta raha yanzu ya yi tsit, shi ake matsawa kusa da shi. Ruwan sanyi na zuƙe ɗumin jiki da sauri ƙwarai fiye da iska, kuma wanda sanyi ya fara ci ba ya sanin ya fara ruɗewa. Don haka ba ma tambayar lafiya. Sai mu ce ya zuge rigarsa ya buɗe mu gani, ko ya haɗa babban yatsa da ɗan ƙaramin, in hannun ya ƙi, an samu amsa. Kai ma kada ka tsaya a kan "lafiya lau". Ka tambayi yaushe ya sha ruwa, me ya karya da shi, ka dubi tafin hannunsa ko ya yi kanta ko ya fashe. Sau da yawa wanda ake kira malalaci, mutum ne da ya fito bai ci komai ba, ko digarsa ta dakushe, ko an ba shi wuri mai dutse. Kuma ka tambaye shi a gefe, ba cikin mutane ba.

In za a yi shawara, ka fara da ƙarami da sabon shiga. Da zarar babba ko mai ƙarfi ya faɗi ra'ayinsa, ƙananan sai su ce haka ne. Akwai wata makarantar koyar da jagoranci a daji da ruwa a Amurka, NOLS, da aka kafa a 1965, wadda ke ba ɗalibai jagorancin wuni bi da bi. Mun yi irin haka, kuma yana da amfani: wanda ya ɗanɗana ɗaukar nauyin mutane na wuni ɗaya, washegari ba ya saurin zargin shugaba. Sai dai abin da ya shafi rai da lafiya ba a karɓa-karɓa a kansa, yana hannun mai alhakin tafiya. Da yamma kuma, a kan shayi, a ɗauki ɗan lokaci kaɗan a faɗi abin da ya tafi daidai da abin da za a gyara gobe. Gyaran mutum ɗaya kuwa ba a wurin shayi ake yin sa ba.

Inda misalin teku ya tsaya

Dole in gaya maka gaskiya, ba duka ne zai hau kan aikinka ba. Masu tafiyar kayak da kansu suka zaɓi zuwa, burinsu ɗaya, kuma ba kuɗi a tsakaninsu. Haɗarin ma a gaban idonsu yake, shi ke ladabtar da su ba sai jagora ya ɗaga murya ba. Mutanenka kuwa abinci suka fito nema, wani da iyali a wuyansa, kuma mai ƙarfin da ya ce bai yarda a raba ladan guminsa da wanda bai yi rabin nasa ba, yana da hujja. Teku ba ta koya mini yadda ake raba kuɗi ba, abin da zan faɗa a nan ra'ayina ne.

Hanyoyi uku nake gani. Kana iya ƙirga wa kowa nasa, wanda ya haƙa da yawa ya samu da yawa. Wannan adalci ne a ido, amma yana sa kowa ya guje wa wuri mai tauri, a yi ta aikin sauri marar inganci wanda ruwan farko zai fasa. Kana iya raba su gida biyu, masu ƙarfi daban, raunana daban. A teku ba ma raba ayari sai in kowane ɓangare na da nasa jagora, da kayan ceto, da wurin haɗuwa da lokacinsa, kuma a wurinka ina tsoron sunan "ƴan baya" zai manne wa wasu har cikin gari. Ta ukun ita na fi so: ƙananan rukunoni na mutum huɗu ko biyar, a gauraya mai ƙarfi da mai rauni, a ƙirga aikin rukuni ba na mutum ba, a cikin rukunin kuma mai ƙarfi ya yi sara da diga, mai rauni ya yi kwasa da jera ƙasar baki da daddaɓe ta, wanda shi ma aiki ne mai son hannu. A riƙa juya wurare kullum don kada rukuni ɗaya ya dawwama a kan tsakuwa. In kana ganin masu fasa wuri mai tauri sun cancanci ɗan ƙari, to a amince da shi a gaban kowa kafin a fara, a rubuta.

Akwai kuma wanda da gaske ba zai iya ba, ko don ciwo ko don shekaru. A teku mukan ja mutum wuni ɗaya, har biyu, amma in abin ya zarce, sai a sauke shi a tashar da ke da hanyar mota, a gaya masa cikin mutunci, ba a tsakiyar ruwa ba. Kai kana da sauƙin da mu ba mu da shi, domin a fili akwai ɗebo ruwan sha, da auna layi, da wasa baki da gyaran ƙotar kayan aiki, da rubuta ƙidaya. Ka ba shi ɗaya daga ciki, ka sanar da sauran cewa kai ka sa shi, kuma ladansa na nan yadda aka yi alkawari.